Babi na Shida: Korona Ta Sake Tasowa a Ƙarshen 2020

Darasi na 1: Abin da ya sa muke wannan babi

'Yan uwana ɗalibai, iyaye maza da iyaye mata, ku ɗauki biro ku rubuta wannan kalma a saman shafi: KORONA. Harufa shida ne, K, O, R, O, N, A. Ku lura harafin O ya zo sau biyu. Wanda ya gama ya duba littafin na kusa da shi daga inda yake zaune, kada ya matsa.

Wannan cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, kuma an fara tabbatar da ita a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Mu mutanen Bauchi ba labarinta muka ji daga nesa ba, domin a watan Maris na 2020 Gwamna Bala Mohammed ya kamu da ita, Allah Ya ba shi lafiya, sannan a watan Mayu aka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana goma. Da abin ya lafa sai muka ce ta tafi, muka ajiye takunkumi, muka koma cinkoson biki da suna kamar da. A watan Disamba ta dawo da ƙarfi, kuma a Janairun 2021 adadin waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a ƙasar nan ya haura 100,000. Ku rubuta wannan lamba: ɗaya, sai sifili biyar, ana karanta ta dubu ɗari.

Idan cutar ta tsananta, huhu take kamawa, sai mutum ya kasa jan numfashi da kansa, dole a sa masa iskar oksijin daga tukunyar ƙarfe. Tukwanen nan ƙidayayyu ne, har a Legas da Abuja likitoci sun koka da ƙarancinsu. Gadajen Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Asibitin Ƙwararru da na asibitin tarayya da ke Azare su ma ƙidayayyu ne, haka likitoci da nas-nas, waɗanda su ma suna kamuwa. Ranar da masu korona suka cika gadajen, mace mai naƙuda da yaron da maleriya ta galabaitar da wanda ya yi haɗari a hanyar Jos duk a bakin ƙofa za su tsaya jira.

Darasi na 2: Takunkumi

Ku rubuta kalmomi uku: HANCI, BAKI, HAƁA. Ku kula da ƙugiyar da ke kan harafin Ɓ. Yanzu kowa ya nuna hancinsa da yatsa ba tare da ya taɓa ba, sannan bakinsa, sannan haɓarsa. Waɗannan wurare uku su ne takunkumi zai rufe gaba ɗaya.

Dalili shi ne ƙwayar cutar tana fitowa cikin feshin yawu da majina idan mai ita ya yi tari ko atishawa ko magana, ko da numfashi kawai ya yi, kuma ta hanci da baki take shiga jikin wani. Mutum yana iya ɗauke da ita bai sani ba, yana cikin ƙoshin lafiyarsa, yana zuwa kasuwar Wunti yana dawowa, domin alamunta kan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin su bayyana, wasu ma ba sa bayyana a jikinsu sam.

Ga yadda ake sa shi. Ka fara wanke hannu. Ka riƙe takunkumin ta igiyoyinsa biyu, ka rataya ɗaya a kunnen dama, ɗaya a kunnen hagu. Ka ja saman ya hau kan karan hanci, ka ja ƙasan ya shiga ƙarƙashin haɓa. Idan irin na asibiti ne, gefen mai launin shuɗi shi ne waje, kuma bakin da ke da ɗan siririn ƙarfe shi ne sama, sai ka matse ƙarfen a kan karan hancinka. Mai hijabi ta sa shi tun kafin ta sa hijabin, ko ta ɗaura igiyar ta bayan kai.

Yanzu mu tsaya a kan hanci, domin a nan ne kusan kowa yake kuskure. Takunkumin da ya rufe baki ya bar hanci a waje bai yi aikinsa ba, kamar wanda ya kulle ƙofar ɗaki ne ya bar ta zaure a buɗe. Da hanci muke numfashi fiye da baki. Ku ɗaga hannu ku shafa igiyar kunne, ku tambayi kanku: hancina yana ciki? Idan yana waje, ku gyara. Babu abin kunya a ciki, ni ma da farko yakan zame mini idan ina bayani a gaban allo, sai da na rage tsawon igiyar da ɗan ƙulli.

Mu sake daga farko. Igiya a kunnen dama, igiya a kunnen hagu, sama a kan karan hanci, ƙasa a ƙarƙashin haɓa. Hanci yana ciki? Madalla, Inna, haka ake so. Baba, naka ya sauko, a ɗaga shi sama kaɗan, ranka ya daɗe. Mu sake a karo na uku, wannan karon kowa ya faɗi kalmomin da bakinsa yana yi: hanci, baki, haɓa.

Na san hujjojin da ake kawowa. Wani ya ce zafi yake ji, wani ya ce tabaransa na yin hazo, wata ta ce ba a jin maganarta. Mai tabarau ya matse saman takunkumin a kan hanci ya ɗora tabaran a kansa, hazon zai ragu. Wadda ba a jin ta ta ɗaga murya. Amma sauke takunkumi zuwa haɓa a lokacin da za a yi magana shi ne babban kuskure, saboda lokacin magana ne yawu ya fi fita. A keke Napep kuwa, inda mutum uku ko huɗu suke manne da juna, nan ne ya fi wajaba hanci ya kasance a ciki.

Dole in faɗi wata magana, ku yi mini haƙuri. Mako uku ke nan muna wannan darasi, amma jiya da aka tashi ina tsaye a bakin ƙofa na ga fiye da rabinku sun cire tun kafin su kai titi, wasu sun cusa a aljihu tare da kuɗi da goro. Ba don malam ya gani ake sa shi ba. Ku manya ne, da yawanku kun haife ni, kuma a gidajenku akwai tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da asma, waɗanda su ne cutar ta fi kayarwa. Wanda yake cewa Allah ne mai tsarewa gaskiya ya faɗa, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita. Ko aikin Hajjin 2020 ba a bar maniyyata daga ƙasashen waje sun je ba. Don haka kada wanda ya sake shigo mini aji da hanci a waje.

Wajen cirewa ma ta igiya ake kamawa, ba a taɓa gaban. Na yadi a wanke shi kullum da sabulu a shanya a rana. Na asibiti ba a wanke shi, idan ya jiƙe ko ya yi datti a yar a kwandon shara inda yara ba za su ɗauka ba. Ba a aron takunkumi, ko tsakanin miji da mata. Idan an ɗauko sabo kuma, a tuna: hanci, baki, haɓa.

Darasi na 3: Wanke hannu

Ku rubuta: SABULU. Ruwa kaɗai bai isa ba, kuma alwala ba ta ɗauke wa mutum wanke hannu da sabulu. A jiƙa hannu, a goga sabulu har ya yi kumfa, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20, wato a ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin a hankali. A ɗauraye da ruwan da wani yake zubawa daga buta. Kada gida guda su tsoma hannu cikin kwano ɗaya. A yi haka idan an dawo daga kasuwa, da kafin cin abinci, da kafin a sa takunkumi, wanda zai rufe har hanci.

Darasi na 4: Tazara

A bar mita 2 tsakanin mutum da mutum, kamar taku uku na babba. A yi sallama da baki, a ɗora hannu a ƙirji maimakon musabaha. A buɗe tagogi ko da ana sanyin hunturu. Biki da zaman makoki a taƙaita.

Darasi na 5: Alamu da lambar kira

Alamun su ne zazzaɓi, busasshen tari, kasala, da daina jin ƙanshi ko ɗanɗano. Wanda ya ji su ya keɓe kansa a ɗaki, ya sa takunkumi, a kira lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, kyauta ce: 6232. Idan numfashi ya fara sarƙewa a tafi asibiti nan take, kada a tsaya a kemis.

Aikin gida: a rubuta 6232 sau biyar.