Morrisania: Garin da New York Ta Haɗiye, Inda Da Yawanmu Ke Sauka

Ƙannena da kuka iso Bronx a bana, sannunku da hanya. Da yawanku kun sauka a wajen ɗan'uwa ko abokin unguwa tsakanin titi na 161 da na 169, kuma kun ji ana kiran wurin Morrisania. Kada ka rubuta wannan suna a adireshinka. Gidan waya ba ya aiki da shi. Abin da ake rubutawa shi ne lambar gida, sunan titi, lambar ɗaki, sannan Bronx, NY, da lambar yanki, wadda a yawancin wurin 10456 ce. Ni ma a makon farko na sha yawo saboda na ɗauka sunan unguwa ya isa a kai ni gida, kamar yadda za ka ce wa mai adaidaita "Fagge" ya kai ka. A nan sai ka faɗi titi da wanda ya gitta shi. Ka kuma lura da harafin E ko W da ke gaban lambar titi: a Bronx titin Jerome Avenue ne ya raba gabas da yamma, kuma Morrisania tana gabas.

Sunan ya ƙi ɓacewa ne domin a da gari ne mai hukumarsa. Mutanen Yamai sun san yadda birninsu ya cinye Gudel da Gamkalle har suka zama unguwanni. Abin da ya faru a nan ke nan.

Bature na farko da ya kafa gona a wannan ƙasa, wadda 'yan asalin Amurka ke zaune a kanta tun kafin zuwansa, shi ne Jonas Bronck, a 1639. Daga sunansa aka samo Bronx. A 1670 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Lewis Morris, suka sayi gonar, zuriyarsu ta faɗaɗa ta ta zama gandu, aka kira shi Morrisania. Gida ne na manya: wani Lewis Morris na baya yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka ta 1776, ƙaninsa Gouverneur Morris kuma shi ya tsara lafazin kundin tsarin mulkin ƙasar a 1787. Kabarinsu yana cocin St. Ann's da aka gina a 1841, yana nan har yau. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka nome gandun. Bayi ne baƙar fata, kuma jihar New York ba ta gama soke bauta ba sai 1827. Duk sanda na bi ta wajen cocin nan nakan tuna cewa 'yan Afirka sun riga mu taka wannan ƙasa da shekaru ɗaruruwa, ba da son ransu ba, kuma ba wanda ya sa sunansu a kan titi.

Jirgin ƙasa ne ya mai da gandu gari. Da layin dogo ya tsallako kogin Harlem a farkon shekarun 1840, sai magada suka fara yanka filaye suna sayarwa. Jordan Mott ya kafa maƙerar ƙarfe, wurin ya zama Mott Haven. Jamusawa da 'yan Ailan suka cika ƙauyukan, Jamusawan suka kakkafa masana'antun giya. A 1855 aka cire Morrisania daga garin West Farms ta tsaya da ƙafarta a ƙarƙashin gundumar Westchester. Shekara 19 kawai ta yi a haka. A 1874 New York ta haɗiye ta tare da West Farms da Kingsbridge, a 1895 ta ƙara da gabashin kogin Bronx, a 1898 duka suka zama Bronx, ɗaya daga yankuna biyar na birnin. Lambobin titunanmu ma sun ɗora ne daga inda na Manhattan suka biyo.

Daga nan jama'a suka yi ta maye gurbin juna. Yahudawa da 'yan Italiya suka zo, sannan daga shekarun 1930 da 1940 baƙar fatar Amurka da mutanen tsibiran Karebiyan suka hauro daga Harlem neman ɗakuna masu faɗi, 'yan Puerto Rico suka biyo baya. Colin Powell, ɗan baƙi daga Jamaika, a makarantar sakandare ta Morris da ke Boston Road ya gama a 1954. Tsohuwar da za ka gani a bakin bene tana kallon ka, mai yiwuwa ta fi shekara hamsin a gidan nan. Ka gaishe ta. Irinsu ne suka riƙe unguwar lokacin da kowa ke gudu.

Gudun kuwa an yi shi. A shekarun 1970 masu gidaje suka daina gyara, wasu suka bari gidajen suka ƙone don kuɗin inshora, birni kuma ya rurrufe wasu tashoshin kashe gobara. A 1973 aka dakatar da jirgin ƙasa mai bin saman titin Third Avenue, shi ya sa har yau tsakiyar Morrisania ba ta da tasha: ko ka taka gabas ka hau jirgi lamba 2 ko 5, ko ka yi yamma zuwa Grand Concourse ka hau B ko D, ko ka jira bas. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya tsaya a kangon Charlotte Street, hoton ya zaga duniya. Mutanen Bronx sun kai 1,471,701 a ƙidayar 1970. A ta 1980 sun koma 1,168,972. Sai a ƙidayar 2020 aka dawo 1,472,654, kuma baƙi ne suka cike giɓin: 'yan Dominika, 'yan Meziko, da mu 'yan Afirka ta Yamma, daga zangon Kumasi da Nima ta Accra, daga Nijar, Mali, Gini, Gambiya da Najeriya.

Abu biyu ka yi da wuri. Ka je ɗakin karatu na Morrisania da ke titi na 169 ka karɓi kati, kyauta ne, akwai intanet da kwamfuta. Ka kuma nemi katin shaida na birni, IDNYC, wanda ba a tambayar matsayin takardunka kafin a ba ka.

Sai maganar da ta sa na zauna rubuta wannan. Yawancin benayen da muke haya tsofaffi ne, kuma sanyin nan ba irin hunturun gida ba ne. Doka ta ɗora wa mai gida ɗumama ɗakuna daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu: da rana, in sanyin waje ya sauka ƙasa da 55 a ma'auninsu na Farenhait, dole ɗaki ya kai 68, wato 20 a namu, da dare kada ya gaza 62. In bai yi ba, ka kira 311, lambar kai koke ga hukumar birni, ka nemi tafinta in Turancinka bai nuna ba. Mutanenmu suna jin nauyin kai ƙarar mai gida, sai su sayi hita su kwana da ita a kunne. A 2007 hita ta jawo gobara a unguwar Highbridge, nan Bronx, da ta ci mutum goma 'yan asalin Mali, tara yara ne. Ranar 9 ga Janairu 2022 wata ta tashi a benen Twin Parks da ke titi na 181, mutum 17 suka rasu, galibinsu 'yan Gambiya. Allah ya jiƙansu. Hayaƙi ne ya kashe su, domin ƙofar ɗakin da wutar ta tashi ba ta rufe ba, ya bi matakala ya cika benen.

Don haka yau da dare ka gwada ƙofarka: ka buɗe ta ka saki. Doka ta ce ta rufe da kanta. In ta tsaya a buɗe, ka gaya wa mai kula da benen gobe da safe, in ya yi kunnen uwar shegu ka kira 311. Ka danna na'urar jin hayaƙi da ke rufin ɗaki ka ji ko tana kuka, kuma kada a cire mata batir don matar gida tana suya.