Yadda ake goge dattin batir a tsohuwar motar wasan yara

An yi ta tambaya a kan farin garin nan da ke daskarewa a gidan batir. Ga matakan:

1. Sa safar hannu da tabarau. Garin yana ƙona fata.
2. Cire batiran.
3. Duba rubutun jikinsu. Na alkaline ruwan khal ko lemun tsami ke narkar da dattinsu. Tsoffin na zinc-carbon kuwa, bekin soda da ɗan ruwa ake sa musu.
4. Kakkaɓe busasshen garin da tsohon buroshin haƙori.
5. Jiƙa auduga kaɗan da ruwan da ya dace da irin batirin, ka dangwala a kan ƙarafunan gidan batir. Na alkaline zai yi kumfa, ka jira ta lafa.

Hattara! Nan ake yin ɓarna. Kada ka tsiyaya ruwan kai tsaye, zai gangara cikin injin da wayoyi.

6. Goge da sipirit.
7. Shafa sanfefa mai laushi a inda tsatsa ta kama, a hankali, don sifirin (murɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe batir) da ya tsufa saurin karyewa gare shi, kuma samun irinsa wuya.
8. Bar gidan batir ya bushe sarai.
9. Shafa basilin kaɗan a kan ƙarafunan.
10. Sa sabbin batira ka gwada.