Yadda Ake Duba Motar Hannu Kafin a Biya Kuɗinta

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi da-na-sanin sayen motar hannu sun gama yanke shawara ne tun daga nesa, a lokacin da suka hango ta tana sheƙi a filin dillalai, duban da suka yi mata daga baya kuma cika sharaɗi ne kawai. Alhali kuwa babu abin da ya fi arha a gyaran mota kamar kyan ido, domin wanki da fenti da man goge taya aikin kwana biyu ne. Abin da ke cin kuɗi yana ɓoye ne a takardu, da ƙashin motar, da injin da giya, kuma a kan wannan jeri ya kamata a bi su, saboda kowane mataki yana iya hutar da kai wahalar na gaba.

Kafin ka taka ƙafarka zuwa wurin masu sayarwa, ka fara da kasuwar kayan gyara. Ka je Kofar Ruwa idan a Kano kake, ko Panteka idan a Kaduna ne, ko kasuwar da ta fi kusa da kai, ka tambayi farashin fitilar gaba da famfon mai da giya na irin motar da kake sha'awa. Idan masu shago suna cewa sai an aiko daga Legas, to ka san abin da ke jiranka duk ranar da motar ta tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa Corolla da Camry da Accord da Golf suke riƙe darajarsu a wurinmu, ko da akwai motocin da suka fi su ƙawa a farashi ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, girman injin ma ya zama abin lissafi, domin mota mai silinda shida tana iya zuwa da arha a ranar saye, ta riƙa karɓar bambancin a gidan mai kowane mako. Haka kuma kada ka kai duk abin da ke hannunka wurin ciniki. A ganina, wanda bai ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa don gyaran farko da sauya takardu ba, bai shirya sayen mota ba tukuna.

Sai batun makanike. Ka tafi da naka, wanda ka sani, ka kuma biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Makaniken da ya san ba zai samu komai ba sai ciniki ya faɗa, ko wanda dillali ya ja gefe ya yi masa alƙawarin wani abu daga la'ada, idonsa ba zai ga aibi ba.

Da kun isa, a fara da takardu tun ba a buɗe bonet ba. Kowace mota da aka ƙera wa kasuwar Amurka ko Turai tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake rubutawa VIN a takardu, tsarin da aka daidaita tun 1981. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sannan a motoci da yawa an buga ta a jikin ƙarfen motar kansa. Ka karanta ta harafi bayan harafi a duk wuraren nan, ka gwada da abin da ke takardar kwastam da takardar shaidar mallaka da lasisin motar. Harafi ɗaya idan ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare wurin ko an yi masa walda, ka yi sallama ka tafi, komai daɗin farashin. Ba a amfani da haruffan I da O da Q a cikin wannan lamba, saboda haka ganin ɗayansu alama ce ta an taɓa ta ko an yi kuskure wajen rubuta takardar.

Lambar tana faɗin abubuwan da mai sayarwa ba lallai ya faɗa ba. Farkonta yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya ta Kudu, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 kuma na Amurka. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, gurbi na goma yana nuna shekarar samfurin, inda alƙaluma 1 zuwa 9 suke tsayawa a madadin 2001 zuwa 2009, A ta zama 2010, B ta zama 2011, haka har gaba. Amfanin wannan yana da girma, domin sananniyar dabara ce a sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba da raga ta gaba, a sayar da ita da sunan samfurin da ya biyo bayanta. Idan motar daga Amurka ta fito, ɗan kuɗi kaɗan a shafukan tarihin mota irin su Carfax, wani lokaci ma binciken lambar kawai a Google, yana iya fito maka da hotunanta a filin gwanjo na Copart, yadda take kafin masu gyaran jiki su taɓa ta. Ba kowace motar da ta yi haɗari ce abar gudu ba, amma wadda aka buga a ƙofa daban take da wadda gabanta ya shige ciki, kuma haƙƙinka ne ka san wacce kake saye.

Takardar kwastam tana buƙatar kulawa ta musamman, musamman ga motar da ake kira tokumbo ko 'yar Kwatano. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, kuma motar da ta biyo ta daji takan zo da takardun da kyansu a ido ne kawai. Ka je ofishin kwastam da kanka a tantance cewa an biya kuɗin fito a kan wannan lambar shasin, domin ranar da aka tare motar a hanya, wanda ke riƙe da sitiyari ake tambaya, dillali kuwa ya daɗe da cin la'adarsa. Idan motar gida ce da ta riga ta yi rajista, ka nemi ganin wanda sunansa ke takarda, ko takardar cinikin da ta haɗa shi da mai sayarwa.

Bayan takardu sai jiki, kuma da rana tsaka ake dubansa, ba da magariba ko bayan ruwan sama ba. Ka tsaya a kusurwar motar ka kalli gefenta daga gaba zuwa baya, za ka ga inda fenti ya yi kaɗa-kaɗa ko launinsa ya ɗan bambanta. Ka lura da tazarar da ke tsakanin bonet da gefuna, da tsakanin ƙofofi, ka ga ko dama da hagu sun yi daidai. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yakan saki a inda aka cike lotsewa da fila mai kauri, sai dai ka tuna cewa bamba roba ce, wasu motocin kuma bonet ɗinsu na alminiyam ne. Mafi muhimmanci shi ne ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba ta gefen injin, da kuma ramin safaya a cikin but. Idan akwai lanƙwasa ko sabuwar walda a nan, ƙashin motar ya taɓu, kuma irin wannan mota takan ci taya ta gefe ɗaya har ƙarshen rayuwarta.

Motar da ta nutse a ruwa ta fi wadda ta yi karo haɗari ga aljihu, domin ciwonta a wayoyi yake, kuma a hankali yake fitowa. Guguwa irin Katrina a 2005 da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, kuma motocin ambaliya sukan bi ta gwanjo su fita zuwa wasu ƙasashe. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarafan da ke ƙarƙashin kujeru, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin laka. Turare mai yawa a cikin motar sayarwa abin tambaya ne. Haka nan ka bincika ko an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka motocin da aka yi wa Ingila ko Japan sai an sauya musu gefe, aikin da ya shafi birki da sitiyari da wayoyi gaba ɗaya, kuma ba kowa ke yinsa da kyau ba.

Injin kuwa da sanyinsa ake gwada shi. Ka yi alƙawari da mai motar da sassafe, ka kuma ɗora hannu a bonet da zarar ka iso. Idan da ɗumi, an riga ka, kuma ƙarar da kake son ji ta wuce. Kafin a tayar, ka zaro sandar baƙin mai ka duba, ka buɗe murfin man ka kalli cikinsa. Wani abu mai kama da madara a murfin, ko maiƙo a ruwan lagireto, yana iya nuna gaskit ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu. Mai da ya yi kauri fiye da kima kuma wani lokaci an zuba shi ne don ya danne ƙarar injin da ya gaji. Kada ka buɗe murfin lagireto idan injin ya yi zafi. Sa'ad da aka tayar, ka tsaya a bayan motar ka kalli salansa: shuɗin hayaƙi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma yana nufin fetur ya yi yawa. Idan ka tarar an haɗa fankar lagireto kai tsaye tana juyawa da zarar an murɗa makulli, ka tambayi dalili, domin sau da yawa hakan maganin gaggawa ne ga motar da ta saba yin zafi.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da mutane ke tsallakewa. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun allon gaban direba suke kamawa, ba tare da ka tayar da injin ba. Ya kamata fitilar injin da ta jakar iska da ta ABS (tsarin da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki) duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ko an rufe ta ne don kada ta tona asiri. Motocin Amurka daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, kuma kuɗin kiran mai na'urar bai kai kuɗin firikwensin guda ɗaya ba. Ka sa makanike ya leƙa ƙasa ya tabbatar da cewa matatar hayaƙin nan da suke kira indomi tana nan, domin akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Game da awon tafiya kuma, kada ka ba shi gaskiya shi kaɗai, tunda ana mayar da shi baya. Ka gwada shi da yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka siɗe, ka kuma tuna cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil 100,000 kuwa kimanin kilomita 160,000 ne.

Daga nan sai tuƙi, kuma zagaye ɗaya a layin dillali bai isa ba. Ka kashe rediyo, ka kunna na'urar sanyaya, ka bi hanya mai gargada don ka ji ƙafafun motar, sannan ka hau babban titi har giya ta shiga dukkan matakanta. Giya mai sarrafa kanta da ke jinkiri ko fizga tsakanin mataki da mataki, ko wadda manta ya yi baƙi yana warin ƙuna, tana gab da neman kuɗi masu nauyi. Ka taka birki da ƙarfi a inda babu kowa ka ga ko motar tana ja gefe. Idan kun dawo, a bar injin yana aiki na ɗan lokaci, kana kallon allurar zafi da ƙasan motar ko wani abu yana ɗiga. Tayoyi ma suna da shekaru a jikinsu: alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019, tsohuwar taya kuma ko zanenta bai siɗe ba, zafin kwalta a watan Afrilu ba ya raga mata.

Duk aibin da aka gano, a rubuta shi tare da kuɗin gyaransa, domin da wannan takarda za ka yi tayi, kuma ta fi roƙon ragi tasiri. Kada maganar cewa wani Alhaji yana hanya da kuɗi ta sa ka gaggawa, kuma kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da hotonta kawai ka gani a waya, wannan shi ne cinikin biri a sama. A daidaita la'adar dillali da wanda zai biya ta tun kafin a sallama. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da lambar injin da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka kuma riƙe kwafin katin shaidarsa. Idan da ragowar kuɗi da za a cika daga baya, a rubuta adadinsu da ranar biya.

A makon farko ka yi mata juye, ka sauya matatar mai da ta iska, a duba birki, idan kuma injin mai bel ɗin taimin ne kuma babu shaidar lokacin da aka sauya shi, ka sauya shi kafin doguwar tafiya. Ka mayar da takardun zuwa sunanka, ka yanki inshora daga kamfani mai rajista, wadda mafi ƙarancinta ga motar da ba ta haya ba ya koma naira 15,000 a watan Janairu na 2023, sannan ka ajiye takardun asali a gida, kwafinsu kuma a cikin motar.