Yadda ake gwada garin furen lemu kafin a fitar da iri marar ƙwallo

Lemu ba ya rasa ƙwallo haka kawai. Duk inda aka ɓare tanjarin aka tarar da shi fes, akwai abin da ya shiga tsakanin garin fure da mahaifar furen. Mai son fitar da sabon iri dole ya gano wannan abin tun da wuri, don bishiyar lemu da aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara 5 ko fiye kafin ta yi furen farko, kuma ba ƙaramar asara ba ce a yi ta reno sannan a gano ƙwallo ya cika ta.

Da farko, ka san irin rashin ƙwallon da ke gabanka

Dalilan sun bambanta. Tanjarin Satsuma na Japan da lemu mai cibiya na Washington, wanda asalinsa daga Bahiya ta ƙasar Brazil ne, garin furensu ne ba ya kai wa ga nuna. Kilemantin kuwa, wani irin tanjarin, garinsa lafiya lau yake, sai dai furen ba ya karɓar garin kansa. Idan aka dasa shi shi kaɗai zai fito ba ƙwallo, amma da zarar ƙudan zuma ya kawo masa garin wani iri daga gonar maƙwabta, magana ta canza. Wannan ne ya sa manoma a Kalifoniya suke lulluɓe bishiyoyi da raga lokacin fure. Shi kuma lemun tsamin Tahiti matsalarsa lissafin kuromozom ce, wato 'yan zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta: yawancin dangin lemu suna da 18, wato 9 daga uwa 9 daga uba, shi yana da 27, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai.

Akwai sharaɗi guda da ya hau kan dukkansu. Dole bishiyar ta iya riƙe 'ya'ya ba tare da barbara ba. Idan babu wannan hali, kashe garin fure ba zai ba ka lemu marar ƙwallo ba, furen ne zai kakkaɓe ya bar ka da ganye.

Na biyu, tara furen a kan kari

Ka tsinko furen da ya kumbura ya yi fari amma bai buɗe baki ba, wanda gobe ko jibi zai buɗe. Wanda ya riga ya buɗe ba abin yarda ba ne, don ba ka san ƙwaron da ya sauka a kansa ba. Da matsefata za ka ɗage ganyen furen, ka cire 'yan jakunkunan da ke kan sandunan namijin fure, ka baza su a faranti mai tsabta. A wuri busasshe mai ɗumin kusan digiri 25 na Salsiyas, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za su tsage su zubo da gari.

Tun a nan ido yana faɗa maka wani abu. Jaka mai lafiya rawaya ce shar, idan ka shafa ta a farce sai ta bar ƙura. Ta Satsuma sau da yawa koɗaɗɗiya ce, a motse, ka goga ka goga ba abin da zai fito. Tsakanin iri da iri ka tsoma matsefatar a sinadarin alkohol ka bar ta ta bushe, domin ɗan garin da ya maƙale a bakinta ya isa ya ɓata gwajin gaba ɗaya. Idan irin da za ka haɗa ba sa fure tare, ka rufe garin a kwalba da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ka sa a firiza.

Na uku, leƙa yadda garin yake girma

Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne yake nuna inda abin ya lalace. Tun furen yana ɗan mitsitsi, a cikin jakar akwai ƙwayoyin halitta iyaye. Kowace takan rabu sau biyu ta ba da huɗu, kowanne ɗauke da kuromozom 9. Bangon ciki na jakar, wanda masana ke kira tafetum, shi ke ciyar da su yana kuma ba su kayan da za su gina ɓawonsu. Idan wannan bango ya ruguje kafin lokacinsa ko ya yi jinkiri, garin zai fito holoƙo.

Don ka gani da idonka, tara ƙananan furanni masu girma dabam-dabam, ka jiƙa su a haɗin alkohol kashi 3 da asid na asetik kashi 1. Ɗauki jaka guda, ɗiga mata rinin asetokamin a kan gilashi, danne ta a hankali, ka duba a maikuroskof. A iri mai lafiya za ka ga ƙungiyoyi na huɗu-huɗu masu girma ɗaya. A mai kuromozom 27 rabon ba ya tafiya daidai, sai ka ga wasu manya, wasu ƙanana, har da 'yan guntaye na biyar da na shida a gefe. Idan kuma ka ci karo da masu biyu-biyu, ka rubuta sunan bishiyar. Alama ce tana iya ba da garin da bai rage kuromozom ɗinsa ba, kuma irin wannan yana da amfani a gaba wajen ƙera mai kuromozom 27.

Na huɗu, rini sannan tsiro

Rinin Alexander, wanda aka fito da shi a 1969, yana raba gari gida biyu: mai cikakken ciki ya yi ja mai duhu, holoƙo ya tsaya kore. Ƙirga 'yan ɗaruruwa daga furanni dabam-dabam, ka fitar da kashi cikin ɗari.

Amma kada ka tsaya a nan. Rini yana nuna cewa garin yana da ciki, ba ya nuna cewa zai iya aiki, kuma kusan kullum lissafinsa yakan zarce ainihin yawan garin da zai iya aiki. A ganina duk wanda ya yanke hukunci a kan iri da rini kaɗai ya yi gaggawa. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne a sa garin ya tsiro. Haɗin da Brewbaker da Kwack suka tsara a 1963 har yau ana aiki da shi: sukari kashi 10 cikin ɗari, asid na borik miligiram 100 a lita, da gishirin kalsiyam naitiret miligiram 300, tare da ɗan magniziyam da fotasiyam. A daskarar da shi da aga, wani gari mai sa ruwa ya daskare, a faranti, a barbaɗa garin da ɗan buroshi, a rufe, a bar shi kwana guda a digiri 25. Wanda ya fitar da zare da ya fi faɗin jikinsa tsawo, shi ne ya tsiro. Ka riƙa sa garin wani iri da ka san ƙarfinsa a gefe, don idan shi ma ya ƙi tsirowa, ka san laifin haɗinka ne.

Na biyar, koma kan bishiya da jakar takarda

Gilashi ba gona ba ne. Zaɓi rassa, ka raba furannin da ba su buɗe ba gida uku. Kashin farko ka cire musu namiji, ka rufe da jakar takarda ba tare da ka sa gari ba. Na biyu ka shafa musu garin kansu ka rufe. Na uku ka cire namijin, ka shafa garin wani iri mai ƙarfi a kan bakin macen, wanda za ka ga yana ƙyalli da danƙo idan ya shirya karɓa. Kowane reshe ya samu alama da kwanan wata, sannan a bar wasu a buɗe wa ƙudan zuma don kwatance.

Idan 'ya'yan sun ƙosa, yanka su a tsakiya ka ƙirga. Idan kashin farko ya riƙe 'ya'ya, to bishiyar tana haihuwa ba barbara. Na biyu ba ƙwallo, na uku kuma cike, to irin halin kilemantin ne, zai ba manomi kunya duk ranar da ya samu maƙwabci. Abin nema shi ne wanda ko a kashi na uku ƙwallonsa bai taka kara ya karya ba.

Na shida, zaɓi hanyar haɗi

Rashin garin Satsuma ta wajen uwa ake gadonsa, don haka mai wannan hali uwa ake sa shi a haɗi. Matsalar Satsuma ita ce ƙwallonsa yana fitar da tsiro da yawa waɗanda kwafin uwar ne, su danne ɗan haɗin. Masu bincike a Japan sun samu mafita da Kiyomi, wanda aka haɗa a 1949 daga Satsuma da lemun zaƙi na Trovita, aka sake shi ga manoma a 1979. Ya gaji rashin garin, kuma ƙwallonsa ɗan tayi guda yake ɗauka. Daga gare shi aka samu ire-iren lemu na Shiranui da Setoka.

Hanya ta biyu ita ce a ƙera mai kuromozom 27 da gangan, ta haɗa mai 18 da mai 36. Ana samun mai 36 ta amfani da sinadarin kolcisin mai ninka kuromozom, wani lokaci kuma yakan fito da kansa a cikin shuka. Ta wannan hanya Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid ta samu irin lemun da ake kira Oroblanco daga haɗin da aka yi a 1958. Idan uwar ce mai 18, yawancin ƙwallon yakan fito a shanye, kuma a cikin waɗannan shanyayyun ne abin da ake nema yake. Kada a zubar da su. Ana ciro ɗan tayin a raine shi a kwalba, sannan a auna yawan kuromozom ɗinsa daga ɗan guntun ganye.

Ta uku ita ce a haska idon reshe da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ke sauya gadon shuka, a aura shi, a jira. Haka aka samu tanjarin Tango daga tanjarin W. Murcott, aka sake shi a 2006. Garinsa ya yi rauni sosai, don haka shi ba ya yin ƙwallo da yawa, kuma ba ya cika na maƙwabta da shi.

Ko wace hanya ka bi, duk ɗan da ya yi alamar kyau ka ɗauki idonsa ka aura a kan gindi mai ƙarfi don ya yi saurin fure. Sanyi da zafin lokacin da furen ke girma suna motsa ƙarfin gari, saboda haka sakamakon shekara guda bai isa ba. Maimaita gwajin tsiro da na jaka shekara biyu ko uku a jere, sannan ka dasa 'yan bishiyoyi kusa da iri mai yawan gari inda ƙudan zuma ke kai-kawo, ka ƙirga ƙwallon nasu da na maƙwabtan nasu kafin ka raba wa kowa dashe.