Yadda Ake Bin Diddigin Jita-jitar Gina Sabon Kantin Kayan Abinci a Unguwa da Sa Baki a Tsarin Ginin

Sau da yawa labari yakan bazu a unguwa cewa za a rushe wani tsohon gini, ko a farfaɗo da wani fili da ya daɗe a yashe, domin wani shahararren kanti mai sayar da kayan abinci na musamman, irin waɗanda ba a samu a kowane shago, zai buɗe reshe a wurin. Kafin a ankara sai mutane su rabu biyu, wasu na murna, wasu na fargabar cunkoson motoci da tashin kuɗin haya, kuma duka ɓangarorin sunan kantin suke muhawara a kai. Abin da ake yawan mantawa shi ne kanti ɗan haya ne, yana iya tashi bayan shekaru goma ko ashirin, amma ginin da aka yi masa, da yadda ya fuskanci titi, da faɗin filin da aka ba motoci, za su zauna wa unguwar har zamanin jikoki. Saboda haka mazaunin da ya damu da unguwarsa ya fi kyau ya kashe ƙarfinsa a kan tsarin ginin, kuma ga hanyar da zai bi.

Mataki na farko: rarrabe abin da ake faɗa

Jita-jita takan cakuɗa abubuwa huɗu da ba ɗaya ba ne: an sayar da filin, an shigar da takardar neman izinin gini, hukuma ta amince, kantin ya sa hannu a yarjejeniyar haya. Kowanne yana iya faruwa ba tare da sauran ba, kuma kowanne yana da takardar da ke tabbatar da shi. Manyan kantuna ba su cika tabbatar da sabon reshe ba sai haya ta ƙullu, yayin da mai gini kuwa wani lokaci yakan bari sunan ya yi ta yawo, domin suna mai farin jini yana jawo masu ba da bashi da sauran 'yan haya. Duk wanda ya kawo maka labarin, ka tambaye shi cikin ladabi wanne daga cikin huɗun nan yake nufi, kuma a ina ya gani a rubuce.

Mataki na biyu: nemo takardun

Gani ya kori ji. Ka fara da ofishin rajistar filaye domin sanin wanda ya mallaki wurin da lokacin da ya saya, sannan ka wuce hukumar tsara birane, inda ake ajiye takardun neman izini, kuma a birane da yawa ana iya duba su a intanet da adireshin wurin ko lambar fulotin. Ka duba jikin shingen filin da turakun fitilun da ke kusa, domin a nan ake liƙa sanarwa. Abin da ya fi muhimmanci a cikin sanarwar shi ne ranar rufe karɓar ra'ayin jama'a, saboda wa'adin gajere ne. A Ingila, alal misali, kwanaki 21 ake bayarwa, kuma ana sa ran hukuma ta yanke hukunci cikin makonni 8 a kan ƙananan ayyuka, ko makonni 13 a kan manya. Wanda ya tsaya jiran tabbacin sunan kantin yakan farga bayan an rufe ƙofar. Idan kuma sunan kake son sani, takardar neman izinin kafa allon suna, da lasisin kasuwanci, da tallar ɗaukar ma'aikata, su ne sukan fara tona shi.

Akwai wani abu a takardar mallakar fili da mutane kaɗan ne suke dubawa. Idan a da wani babban kanti ne a wurin, mai yiwuwa ne da zai tashi ya saka sharaɗin da ya hana a sake buɗe kantin kayan abinci a filin na tsawon shekaru, don kada abokin gogayya ya gaje shi. Wannan dabara ta yi ƙamari har Birtaniya ta taƙaita ta da wani umarni a shekarar 2010, ƙasar Niyu Zilan kuma ta haramta ta da doka a 2022. Inda irin wannan sharaɗi yake aiki, jita-jitar tana iya mutuwa tun a nan.

Mataki na uku: fahimci abin da doka ta riga ta halatta

A yawancin birane kowane fili yana ƙarƙashin ƙa'idar da ta fayyace abin da za a yi da shi, da tsayin ginin, da tazararsa daga titi, da yawan wuraren ajiye motoci. Tun 1916 birnin New York ya kafa cikakken tsari irin wannan, birane da dama kuma suka bi sahu. Tambayar da za ka yi wa jami'in tsara birane ita ce ko aikin ya dace da ƙa'idar da ke akwai, ko kuwa mai ginin yana neman sassauci ko sauyin ƙa'ida. Idan ya dace, ikon mazauna kaɗan ne, sai dai lallashi. Idan yana neman sassauci, to yana buƙatar amincewar hukuma, kuma a nan ne muryar unguwa take da nauyi. Ka kuma sani cewa hukumar tsara birane amfanin gini take hukunci a kai, ba ta zaɓar kamfanin da zai shiga. A Ingila ma, tun watan Satumba na 2020 an haɗe shaguna da ofisoshi da gidajen cin abinci da wuraren motsa jiki a rukuni guda, ta yadda ginin da aka amince da shi a matsayin kanti zai iya komawa wani abu daban ba tare da sabon izinin sauya amfani ba.

Mataki na huɗu: karanta zanen ginin da idon mai tafiya a ƙasa

Nan ne aikin yake. Kada hoton da aka ƙawata da bishiyoyi da mutane masu fara'a ya ɗauke maka hankali, domin talla ce. Ka nemi taswirar filin da ke nuna ginin daga sama, da zanen fuskokinsa huɗu, da rahoton zirga-zirgar ababen hawa.

Ka fara da ƙofa. Shin babbar ƙofar shiga tana buɗewa ne kai tsaye a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ko sai mutum ya ratsa filin motoci kafin ya isa? Ginin da aka janye can baya aka shimfiɗa kwalta a gabansa yana yanke jerin shagunan titi, yana kuma sa tsoho da mai tura keken jariri da mai keken guragu su yi ta kauce wa motocin da ke ja da baya. Ginin da ya matso bakin titi, motoci suka koma bayansa ko ƙarƙashinsa, yana ƙara wa titin rai. Masu tsara birane sukan ɗauki mita 400 a matsayin tafiyar kusan minti biyar, don haka ka zana wannan da'ira a taswira ka ga gidaje nawa ne za su iya zuwa da ƙafa idan hanyar ta yi kyau.

Sai bango. Kantin kayan abinci yana son jera kantoci da firji a jikin bango, shi ya sa yakan fito da doguwar katanga marar taga, ko kuma a yi tagogin sannan a rufe su da hotunan talla. Titin da mutanen cikin gini ba sa ganinsa yakan zama wurin da ake tsoron bi da dare. Maganin da ya fi aiki shi ne a jera ƙananan shaguna masu ƙofofin kansu a gefen da ke fuskantar titi, babban kantin ya zauna a bayansu, kuma a rubuta a cikin izinin cewa wani kaso na fuskar ginin gilashi ne da ake gani ta cikinsa, ba za a toshe shi ba. Idan ƙa'ida ta yarda, gidajen zama a saman kantin suna kawo masu saye na dindindin, suna kuma sa a sami mutane a wurin bayan an rufe.

Batun wurin ajiye motoci shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya, kuma a ganina a nan ne mazauna suka fi cutar da kansu, saboda sukan nemi a ƙara yawansa. Mota guda, idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, tana cin kusan murabba'in mita 25 zuwa 30, wato wurin motoci ɗari yana iya fin kantin kansa girma. Filin kwalta yana tara zafi, yana kuma tura ruwan sama cikin magudanai a lokaci guda. Birnin Buffalo na Amurka ya soke dokar da ke tilasta wa masu gini samar da aƙalla wani adadi na wuraren ajiye motoci a faɗin birnin a 2017, Minneapolis ma ya yi haka a 2021. Abin da ya fi amfani a nema shi ne mashigar motoci guda ɗaya mai kyau maimakon uku da ke yanka hanyar masu ƙafa, da wurin ɗaure kekuna kusa da ƙofa, da bishiyoyi masu inuwa, da mararrabar tsallaka titi mai aminci.

Kada ka bar bayan ginin. Kantin kayan abinci yana karɓar kaya kusan kullum, galibi da sassafe, cikin manyan motoci masu injin sanyaya kaya, kuma yana da na'urori a rufi da ba sa hutawa dare da rana, da tarin shara mai saurin ruɓewa. Ka duba ta ina motocin za su shiga, ko za su ja da baya a kan titin da yara ke bi zuwa makaranta, da kuma tazarar wurin sauke kaya daga tagogin ɗakunan kwanan maƙwabta.

Mataki na biyar: je wurin da kanka

Ka ziyarci filin da safe, da lokacin tashin makaranta, da yamma, da kuma ranar da aka yi ruwa. Ka rubuta inda mutane ke tsallaka titi a zahiri, inda ruwa ke taruwa, da inda motar haya ke tsayawa, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata.

Mataki na shida: tambayi wanda aikin zai amfana

Kantin kayan musamman yakan zo unguwar da ya hango masu kuɗi suna shigowa, zuwansa kuma yana iya ƙara saurin sauyin. A birnin Portland na Amurka, kamfanin Trader Joe's ya janye shirin buɗe reshe a arewa maso gabashin birnin a watan Fabrairu na 2014, bayan wata ƙungiyar shugabannin baƙaƙen fata ta nuna adawa, tana mai cewa an ba da filin gwamnati da rahusa ba tare da tanadin gidaje masu sauƙin haya ga mutanen da tsada ke kora daga unguwar ba. Wasu mazauna wurin kuwa sun ji takaicin janyewar. Wannan ya nuna cewa unguwa ba baki ɗaya take magana ba, don haka ka zauna da masu ƙananan shaguna, da 'yan haya, da tsofaffin da ba su da mota, kafin ka ce kana magana da yawunsu. Idan akwai filin gwamnati ko rangwamen haraji a cikin cinikin, jama'a suna da haƙƙin sanin abin da za su samu a madadinsa.

Mataki na bakwai: rubuta ra'ayinka yadda za a yi aiki da shi

Hukuma tana auna ra'ayi ne da ƙa'idojinta. Ƙorafi a kan aminci a titi, hayaniya, toshe haske, ambaliya da saɓa wa tsarin birni yana shiga lissafi, amma ƙin jinin wani kamfani ko fargabar faɗuwar darajar gidanka galibi ba ya shiga. Ka sa lambar takardar neman izinin a sama, ka ambaci shafin zanen da kake magana a kai, ka faɗi matsalar, ka kawo gyaran da kake so a fili, misali a mayar da ƙofa bakin titi ko a hana sauke kaya kafin wata sa'a. Wasiƙu ashirin da kowa ya rubuta da kalmominsa sun fi takarda guda da aka kwafa sau ɗari tasiri. A zaman sauraron jama'a mintoci kaɗan ake ba kowa, don haka ku raba batutuwan a tsakaninku, kada kowa ya maimaita na ɗan'uwansa.

Mataki na takwas: a rubuta alkawari, a kuma bi shi

Alkawarin da wakilin mai gini ya yi da baki a taro ba ya ɗaure wanda zai sayi ginin daga baya. Ku nemi a mayar da kowane alkawari sharaɗi a cikin takardar izinin. A Ingila sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba da damar ƙulla yarjejeniyar da ke tilasta wa mai gini biyan kuɗin gyaran hanya ko samar da gidaje masu sauƙi, a Amurka kuma ƙungiyoyin unguwa sukan ƙulla yarjejeniyar amfanin al'umma kai tsaye da mai gini, kamar wadda aka yi a Los Angeles a 2001 kan aikin da ke kewaye da filin wasan da a lokacin ake kira Staples Center. Bayan an ba da izini, masu gini sukan dawo da buƙatar gyare-gyare da suke kira ƙanana, kuma ta nan ne taga take komawa bango, bishiyoyi su ragu. Ku ajiye kwafin zanen da aka amince da shi, ku naɗa mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa duba fayil ɗin a hukumar kowane wata har a gama ginin, kuma duk abin da ya saɓa wa zanen ku kai shi a rubuce ga sashen da ke tabbatar da bin ƙa'idar gini tun kafin a zuba kankare.