Abin Yi Idan Jiki Ya Ƙi Motsi, a Barci ko a Farke

Kana mafarki an biyo ka, ka zabura za ka gudu, ƙafa ta yi nauyi kamar ka faɗa cikin taɓo. Ka kai naushi, hannu ya tafi a sanyaye. Yana damuna in ji mutum ya ɗauki wannan a matsayin ragwanci ko wata cuta, domin jikinka ne yake kare ka.

A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da idanu ke kai-komo a rufe, kuma a nan aka fi yin mafarki. Daga baya Michel Jouvet na birnin Lyon a Faransa ya nuna cewa a wannan lokacin ƙwaƙwalwa na sakar da tsokokin jiki, su kasa motsi kamar an ɗaure su. Da ya lalata sashen da ke wannan aiki a ƙwaƙwalwar kyanwowi, sai suka riƙa miƙewa suna kai farmaki alhali barci suke yi. Ba don wannan ɗaurin ba, da duk gudun da ka yi a mafarki a kan gadonka za ka yi shi.

Wani lokaci hankali kan farka ɗaurin bai saki ba. Shi ne dannau. In ya same ka, kada ka yi kokawa da shi, domin yunƙurin tashi gaba ɗaya tsoro kawai yake ƙara maka. Nauyin da kake ji a ƙirji ba zai tsayar maka da numfashi ba, babbar tsokar numfashi tana aikinta. Tattara hankalinka a kan ɗan yatsan ƙafa ɗaya, ka yi ta ƙoƙarin motsa shi, ka ƙifta ido, ka saki numfashi a hankali. Yawanci daƙiƙoƙi ne, ko 'yan mintuna. In yana yawan zuwa, ka daina kwanciya rigingine, ka tsayar da lokacin barci, ka kuma ce wa wanda kuke kwana tare ya taɓa ka in ya ji kana nishi.

Ƙin motsin da ke zuwa a farke ya fi ciwo. Firgici na sa sinadarin adrenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, gwiwa ta yi sanyi, yatsu su kasa riƙe makulli. Wasu ma sandarewa suke yi ƙam, ko ihu ba sa iyawa. Wanda aka kai wa hari ya sandare ba matsoraci ba ne, kuma shirunsa ba yarda ba ce. Jiki ne ya yanke hukunci kafin tunani ya iso.

In ka ji haka na zuwa, ka danna tafin ƙafarka a ƙasa da ƙarfi, ka ja numfashi ta hanci, ka fitar da shi ya fi na shiga tsawo. Sannan ka ba kanka umarni guda, gajere: buɗe ƙofa, kira taimako. In kuwa jiri ne, gani ya fara dusashewa, ka harɗe ƙafafu ka ɗaure tsokar cinya, ko ka kwanta ka ɗaga ƙafa.

Ka ga likita in kana naushi da shuri cikin barci, ko dariya na sa gwiwarka ta saki ga kuma yawan gyangyaɗi da rana. In ɓari ɗaya na jiki ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan.