Zaɓen taya wa babbar jif a hanyoyin Garwa, Marwa da Kuseri

Duk wanda ya shigo shagona a Garwa neman tayar Land Cruiser, Prado, Lexus ko Range Rover, abin da nake fara tambayarsa shi ne ina da ina motar take zuwa. Wasu har haushi suke ji, don sun zo da sunan tayar a rubuce cikin waya, ɗansu da ke Faransa ko wani amini a Dubai ya ce su nemi mai rubutun All Season, wai ita ce ta rani da damina. Ni kuwa direba ne kafin in zauna sayar da taya, na san abin da hanyar Mora zuwa Dabanga take yi wa roba, shi ya sa ba na ɗauko wa mutum taya sai na ji hanyarsa.

Irin wannan tayar an yi ta ne saboda ƙasashe masu sanyi, don kada mutum ya riƙa canza taya sau biyu a shekara. Haruffan M+S da ke gefenta taɓo da dusar ƙanƙara suke nufi. Mu nan abin da muke fama da shi daban ne: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, sai ruwan Agusta, sai ramuka masu kaifin baki, duwatsu, ƙaya da laka. Ba wai ina cewa tayar banza ce ba. Da yawa cikin tayoyin jif masu kyau suna ɗauke da wannan rubutun, kuma ina sayar da su. Sai dai rubutun kaɗai ba ya gaya maka ko za ta ɗauki nauyin motarka da tsakar rana tsakanin Garwa da Marwa.

Kafin ka tafi ko'ina, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. A nan kamfanin motar ya rubuta girman tayar da ta dace da yawan iskar da za a sa mata. Kada ka dogara da abin da ke ƙafar motar yanzu, musamman in ta hannu ce ka saya, don wanda ya riƙe ta kafin kai yana iya sa mata duk abin da ya samu.

A Land Cruiser V8 za ka yawan ganin 285/60 R18 116V. 285 faɗin tayar ne a milimita. 18 girman rim ne a inci. 60 ɗin nan na tsakiya kuwa shi na fi so ka riƙe, domin shi ne tsayin naman gefen taya, wato kashi 60 cikin 100 na faɗinta, kimanin milimita 171 ke nan tsakanin rim da ƙasa. Lexus LX 570 mai rim 20 tana zuwa da 285/50, naman ya ragu zuwa wajen 142. Range Rover mai rim 22 da taya 275/40 kuwa milimita 110 kawai gare ta. Wannan naman shi ke shanye dukan rami. Idan ya yi kaɗan, bakin ramin sai ya matse tayar a jikin rim, zaren ciki ya tsinke, wani lokaci rim ɗin ma ya lanƙwashe ko ya tsage.

Kwanakin baya wani Alhaji ya aiko direbansa da mota mai rim 22, sun dawo daga Kuseri. Tayar gaba ta dama sabuwa ce fil, zanenta ko taɓuwa bai yi ba, amma a gefenta akwai kumburi kamar ƙwan zabo. Na ɗora yatsa na danna, wurin ya lotsa ya dawo, alamar babu sauran zare a ƙarƙashi, roba ce kawai ke riƙe da iskar. Direban ya ce, "Baba, ba za a yi mata faci daga ciki ba? Maigida zai ce ni na yi ganganci." Na ce masa, "Ɗana, gefen taya ba ya ɗaukar faci. Kira Alhaji in yi masa bayani da kaina." Irin wannan tayar ita ce ke fashewa ana cikin gudu, da iyali a baya. Saboda haka in motarka tana fita daga gari, ka yi tunanin saukowa zuwa ƙaramin rim. LX 570 tana karɓar rim 18 irin na Land Cruiser V8, kuma tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba. A motocin Turai kuwa sai an gwada tukuna, don wasu birkinsu babba ne, ƙaramin rim ba ya shiga. Na san babban rim ya fi kyau a ido a ƙofar gidan biki, amma ni dai ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya bi hanyar Mokolo zuwa Rumsiki da shi ba.

116 lambar nauyi ce, tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,250. Idan 112 ce, irin ta Prado mai 265/65 R17, kilo 1,120 ke nan. Land Cruiser V8 ba kowa a ciki ta haura tan biyu da rabi, to ka ƙara mutum bakwai, jarkokin mai, buhun shinkafa da akwatuna. Kada ka taɓa sauka ƙasa da lambar da ke jikin ƙofa, ko da girman ya yi daidai kuma kuɗin ya fi sauƙi. Hawa sama ba laifi. Idan ka ga XL a gefe, tayar mai ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya ce. Harafin ƙarshe na gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Ba cewa aka yi ka yi wannan gudun ba, a hanyoyinmu ma ina za ka yi shi? Amfaninsa gare mu shi ne tayar da aka gwada a babban gudu ta fi jure zafi. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna da wani rubutu kuma, Temperature, da harafin A, B ko C. A ta fi kowa jure zafi. Ni ba na sa wa babbar mota mai C.

Zanen taya kashi uku ne, kuma a nan amsar tambayata ta farko ke aiki. H/T ta kwalta ce, ba ta da ƙara, tana da laushi, ba ta shan mai, kuma birki na kama ta sosai a jiƙaƙƙiyar hanya. Hajiyar da motarta ba ta wuce cikin Garwa, filin jirgi, sai jefi-jefi Ngaundere, wannan ce tata. Bridgestone Dueler H/T, Michelin LTX, Pirelli Scorpion Verde All Season duk suna cikin wannan layin. Gangaren dutsen nan da ake kira falez, da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, da kwanoninsa da manyan motocin da ke hawa a hankali, in ruwa ya sauka ba abin da kake nema kamar tayar da ke tsayawa in ka taka birki.

A/T ta ko'ina ce, zanenta ya fi zurfi, kafaɗunta sun fi kauri. Mai zuwa gona, mai zuwa duba shanu, mai zirga-zirga tsakanin Marwa, Yagwa da Kuseri har ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena, ita nake ba shi. A cikinta ma akwai mai sauƙi irin Dunlop Grandtrek da Land Cruiser da yawa ke fitowa da ita daga kamfani, ko Yokohama Geolandar A/T G015, akwai kuma mai taurin gefe irin BFGoodrich KO2. Mai taurin ta fi tsira daga dutse da kututture, amma ta fi nauyi, tana ɗan ƙara shan mai, kuma za ka ji gargadar hanya a kujera fiye da da. Idan akwai LT a jikin lambarta, wato irin ta ƙananan motocin kaya ce, iskar da take so ta fi wadda ke rubuce a ƙofa, sai ka tambayi wanda ya sayar maka. Yawancin masu LT harafin gudunsu ma ƙasa yake da na tayar kwalta, ka san da wannan.

M/T ta taɓo ce zalla. Baƙar lakar nan ta wajen Waza, wadda Fulani ke kira karal, inda ake noman masakwa, in ta sha ruwa tana cike zanen A/T ta mai da shi sumul, M/T ce kaɗai ke iya watsar da ita. Amma a kwalta kuka take yi, kuma birkinta a ruwa ba shi da kyau. In ba aikinka ne shiga can da damina ba, bar ta.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, tayoyin hannu da ake kwasowa daga Turai ta Duwala. Za ka ga taya mai babban suna, zanenta da saura da yawa, kuɗinta kuma bai kai na sabuwa ba ko kusa. Da yawansu tayoyin hunturu ne, robarsu an haɗa ta ne don ta yi aiki a ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar Garwa laushi take yi, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya yi nisa, ta cinye cikin ɗan lokaci. Ana gane ta da 'yan ƙananan tsage-tsage masu zigizag da suka cika kowane gungun zane, da sunaye irin Winter, Alpin, Blizzak ko X-Ice. Hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki shi kaɗai bai isa hujja ba, don wasu A/T masu kyau ma suna da shi.

Sabuwa ce ko ta hannu, nemi haruffan DOT a gefe ka bi su har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2523 na nufin mako na 25 a 2023. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya tayar. Michelin da kansu sun ce taya in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta wurin masani duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai suɗe ba. A irin ranarmu ni ba na jiran 10, daga shekara 6 nake fara yi wa mai mota magana. Sabuwar da ta kwana biyu a shago, wadda aka jera a waje rana na dukanta, ita ma ta fara tsufa. Ka kai ta haske, ka matsa gefenta da tafin hannu ka duba ko ƙananan tsaga za su buɗe, ka leƙa cikin kwarin zanen, sannan ka zura hannu ciki ka shafa ko'ina. Faci a kusa da kafaɗa, ko garin roba baƙi a ciki, alama ce an taɓa tafiya da ita ba iska, kada ka saya. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6. In zane ya zo daidai da su tayar ta ƙare, kuma don damina gara ka canza tun tana wajen 3.

Masu BMW X5 da wasu Mercedes, ku duba ko tayarku irin mai iya tafiya ba iska ce, wato run-flat. Irin wannan in ta sace tana kai ka kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, kuma sau da yawa motar ba ta zuwa da safaya. Garwa zuwa Marwa ya haura kilomita 200. Ka nemi safaya da jak ka ajiye a baya, kuma ka lura wasu tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi.

Motoci irin Land Cruiser V8, Prado, Lexus LX da Range Rover ƙafa huɗu suke ja kullum, don haka tayoyin huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba kayan cikin giya ne ke wahala. In aljihu ya ba da dama ka sayi biyar, har da safaya. In dole biyu za ka saya, a sa su a gatari ɗaya, kuma a baya. Ka zaɓi girman da ake samu a Marwa ko Njamena, kada wata rana mota ta yi mako a kan dutse ana jiran taya daga Duwala.

Wurin ɗaurawa, ka kai inda ke da injin cire taya, don ƙarfen mai faci yana ɓata rim kuma yana karya na'urar auna iska da ke manne da bawul. A canza bawul, a yi balansin, a yi alaimen. In akwai kibiya ko rubutun Outside a gefe, ka tsaya ka ga an bi shi. Noti kuma a ɗaure da hannu daidai ƙa'ida, kada yaro ya zura bututu ya hau kai da ƙafa. Duk kilomita 10,000 a juya na gaba su koma baya, in girmansu ɗaya ne.

Iska da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, da gejinka na kanka. Kuskuren da na fi gani wurin direbobi shi ne rage iska da rana wai kada taya ta fashe. Tayar da ta yi zafi dole iskarta ta hau, an yi ta da sanin haka. Wadda iskarta ta yi kaɗan ita ce gefenta ke lanƙwasawa yana ɗaukar zafi har ta tarwatse. In za ka tsallaka yashin mayo, wato busasshen kogi, kana iya sauko da iskar zuwa wajen kilo ɗaya da rabi a geji ka bi a hankali, amma da ka hau kwalta ka mayar, shi ya sa ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota ya kamata ya zauna a but. Safayar Land Cruiser V8 a ƙarƙashin mota take, tana shan ƙura da laka. Kafin doguwar tafiya ka sauko da ita, ka auna iskarta, ka duba shekararta, ka ɗiga wa sarƙar mai, ka kuma tabbatar makullin notin sirri yana cikin motar.